Fin Ɗaya Tsakanin Tambuwal da Kebbe

Kawu ya juya ƙarfen a hannunsa sau biyu, ya ɗaga shi ga hasken rana, sannan ya miƙa wa mai walda abinsa. Guntun rodi ne irin na gini, an lanƙwasa kansa kamar ƙugiya, tsatsa ta ci jikinsa. Shi aka yi niyyar zurawa a mahaɗar da ke tsakanin bayan motarsa da wuyan 'yar tirelar da ke ɗauke da injin bugun shinkafa.

"Wanga ba shi kai mu Kebbe," in ji shi. "Ko ya kai mu, ba shi maido mu."

Alhaji mai injin ya dubi agogo. "Haba direba! Da shi anka jawo injin ga tun daga Jega. Mi yas same shi?"

"Allah yat tsare, Alhaji. A samo fin na ƙwarai, ina jira."

Hantsi ya riga ya ɗaga, hunturu ya fara busawa, ƙura ta yi wa garin Tambuwal lulluɓi. Ni da na kwana da ɗokin tafiya sai na ji raina ya ɗan sosu, don na san shinkafa na can an yanke an tara a fadama tana jiran inji, kuma a wannan yanki ba mai son dare ya yi masa a hanya saboda halin tsaron da ake ciki. Amma Kawu ya nemi benci ya zauna, ya sa aka kawo masa shayi. Sai da yaron motarsa ya zaga wajen masu sayar da kayan tarakta ya dawo da fin na gaske, mai kauri kamar babban yatsan ƙato, santsi sumul, da huda a ƙarshensa inda ake soka ɗan ƙarfen da ke hana shi zarewa. Rodi an yi shi ne don ya kwanta cikin kankare, ba don a yini ana fizgarsa gaba da baya ba. Yana lanƙwashewa, inda aka taɓa lanƙwasa shi kuma nan yake tsagewa, sannan ba abin da zai hana shi tsalle ya fice idan taya ta faɗa rami. Kuɗin fin ɗin bai kai na man da za mu ƙona a tafiyar ba.

Daga Sakkwato na zo, ta Boɗinga da Shagari, tafiyar kimanin kilomita 100 a kan babban titin da ya zarce Aliero da Jega har Yawuri. Tambuwal tsohon gari ne, nan Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna. Yau kuma da an ambaci sunan sai a tuna da siyasa, domin kujera ɗaya Tambuwal da Kebbe suke da ita a Majalisar Wakilai, wadda Aminu Waziri Tambuwal ya riƙe daga 2003 zuwa 2015. Amma wanda ya tsaya bakin tasha da kaka zai ga abin da ya ɗaure garuruwan biyu ya fi ƙuri'a nauyi. Taki da siminti da mai da injuna suna gangarawa kudu, shinkafa da dawa da gero da dabbobi suna haurowa. Mafi yawan wannan kaya kuwa ba manyan motoci ke shiga ƙauyuka su ɗauko shi ba, a-kori-kura ce.

Kawu a kan fijo 404 ya koyi tuƙi, zamanin da kamfanin Peugeot na Kaduna, wanda ya fara harhaɗa motoci a 1975, ya cika hanyoyin Arewa da a-kori-kura. Yanzu Hilux ce a hannunsa, mai shan fetur, ta hannu, irin ƙirar da ta fara fitowa a 2004. Mutanenmu sun yarda da Hilux yarda mai tsanani, kuma ta cancanta: tun 1968 Toyota ke ƙera ta, ta sha rairayi da taɓo a ko'ina cikin duniya. Sai dai yardar ta haifi wata magana da nake ji a kowace tasha, wai Hilux ba abin da ba ta ja. Gaskiya ce rabi. Injinta zai ja. A giya ta ɗaya, a shimfiɗaɗɗen titi, za ta motsa abin da ya ninka ta nauyi. Tambayar da ba a yi ita ce wa zai tsayar da shi.

Littafin da ke zuwa da motar, wanda da wuya ka same shi a motar da ta bi hannu uku, lamba biyu yake bayarwa. Sabuwar Hilux mai injin dizal 2.8, ƙirar 2015 zuwa yau, an yarje mata a wasu ƙasashe ta ja har kilo 3,500, amma da sharaɗin abin da take ja yana da birkin kansa. In ba shi da birki, kilo 750 ne iyaka. Ta Kawu ba ta kai sabuwar ƙarfi ba, amma wannan 750 ɗin bai canza ba. To, tirelolin da masu walda ke haɗawa a garuruwanmu, da aksul ɗin matacciyar mota da ƙarfen kwana da falanki, ban taɓa ganin mai birki ba. Ke nan duk wanda ya ji an ce Hilux na jan tan uku da rabi, ya je ya ɗora wa irin wannan tirela tan biyu, ya ɗauki lambar da ba tasa ba.

A nan aka yi gardama ta biyu. Tirelar da injin, a ƙiyasin mai walda da ya haɗa ta, sun kusa kilo 700. Alhaji kuwa ya sa an jibga buhun taki goma a bayan injin, na noman rani, ga durom ɗin mai, ga leburori uku da suka riga suka haye suna raba goro. Buhun taki kilo 50 ne, goma sun tashi 500. Kawu bai yi dogon bayani ba. Ya zare fin, ya ce wa yaronsa ya saki wuyan tirelar. Wuyan ya yi sama da kansa, gindinta ya dangwali ƙasa, leburorin suka dire ba shiri.

"Kun gani? Haka za ta yi muna bisa hanya, sai dai can da gudu."

Aka sauke takin, aka jera shi cikin bodin motar, can gaba jikin kai, ba a bakin ƙofar baya ba. Aka tura injin gaba kaɗan har nauyinsa ya rinjaya gaban aksul, aka ɗaure shi ta kusurwa huɗu. Sannan Kawu ya kama wuyan da hannu biyu ya gwada ɗagawa. Ya ɗagu, amma da nishi. Abin da yake nema ke nan: kimanin kashi ɗaya cikin goma na nauyin tirela ya sauka a kan mahaɗa. In ya gaza haka, tirela ta dinga kaɗa wutsiya. In ya zarce sosai, bayan mota ya durƙushe, gabanta ya ɗaga, sitiyari ya yi sakayau a hannu, tayoyin gaba da ke yin mafi yawan aikin birki su rasa riƙon ƙasa. Durom ɗin mai aka bar shi, aka ɗauki jarka biyu, domin ita ma motar abin da za ta ɗauka a jikinta bai wuce kimanin tan ɗaya ba, kuma cikin tan ɗin nan har da mu da ke zaune, har da nauyin wuyan tirela. Leburori aka sama musu babura.

Abu na ƙarshe sarƙa ce. Guda biyu ya ciro daga bayan kujera, ya ɗaura su daga wuyan tirela zuwa ƙarfen shasi, ya gitta su ta ƙasa, ta dama ta koma hagu, ta hagu ta koma dama. Na durƙusa na leƙa. Sun yi kamar hannu biyu da aka tara ƙarƙashin haɓa. In fin ya karye, wuyan zai faɗo cikinsu ne maimakon ya caki ƙasa ya wuntsila tirelar, ko ta ɓalle ta nufi masu tafiya a gefen hanya. Ya bar musu sassauci daidai yadda za a sha kwana, ba yadda za su ja ƙasa ba. Tirelar ba ta da fitila ko ɗaya, sai ya ɗaura jan ƙyalle a bayanta, ya ce shi ya sa dole mu dawo da rana.

Muka bar Tambuwal azahar ta kusa, muka yi kudu.

Kaka ta yi kyau a ƙasar nan. An karye dawa, kara na tsaye a gonaki, an jingine dammuna, shanun Fulani sun shiga kala. Kuka ta zubar da ganye ta tsaya tsirara, gawo kuwa lokacin ne yake yin kore shar, kamar yadda ya saba saɓa wa sauran itatuwa. Mata na sussuka a bakin ƙauyuka, iska na kwasar ƙaiƙayi. Allurar gudu ba ta wuce 45 ba. Na ɗauka ra'ayin Kawu ne, ashe doka ce: ƙa'idar hanya ta Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, ta sa wa motar janwe kilomita 45 a awa muddin tana jan wani abu, ko a cikin gari ko a babban titi. Kawu ya ce in dai motar da aka ƙera don ja an ce ta tsaya nan, shi wane ne da zai wuce. Babura suna ta wuce mu, Alhaji na ta gyaran murya.

Wajen wani ƙauye muka cim ma amalanken shanu, bijimai biyu farare na jan lodin dawa. Muka bi bayansa a hankali kafin hanya ta buɗe, na samu damar kallonsa da kyau. Dammunan an jera su ne a kan aksul, an ɗan rinjayar da su gaba. Kowane yaro da ya tashi gidan noma ya san dalili. In kaya ya yi baya, karkiya ta ɗaga, igiya ta shaƙe bijimi a maƙogwaro. In ya yi gaba da yawa, ya danne musu wuya har su gurfana. A gangara kuma mai amalanke yakan sauko ya riƙe su, don ya san kayan zai turo su. Wato ilimin da injiniyoyin Japan suka rubuta da lambobi, yana nan a hannun manomanmu tun zuwan garmar shanu. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda muke ajiye shi da zarar an ce inji ne. Sa yana da rai, in an zalunce shi za a gani a idonsa, a ji tausayi. Mota ba ta kuka, sai ranar da ta kashe mutum.

Ba mu yi nisa daga nan ba na ji abin da jikina. Hanya ta gangara zuwa wata kwalbati. Tun daga sama Kawu ya sauko giya ta biyu, injin ya ɗauki ƙugi yana riƙe mu, ƙafarsa na taɓa birki tana ɗagawa. Ya ce wanda ya kwanta a kan birki tun daga kan tudu, kafin ya kai ƙasa birkin ya yi zafi ya daina kamawa. Muna tsakiyar gangarar sai ga tumaki sun keto daga cikin kara, wata yarinya da ba ta wuce shekara bakwai ba tana bin su da tsumagiya, ko waiwaye babu. Kawu ya taka. Motar ta so tsayawa, sai na ji wani abu daga baya ya tunkuɗo mu, kamar ƙato ya sa kafaɗa a bayan kujera. Mahaɗa ta yi ƙara, ƙarfe ya ci ƙarfe, muka ƙara tafiya taku huɗu ko biyar da ba mu nema ba, sannan muka tsaya. Yarinyar ta tsallake, ta juyo ta dube mu, ta bi tumakinta.

Ba wanda ya yi magana sai Alhaji da ke ta salati. Ni lissafi nake a zuci. Tazarar da mota ke ci kafin birki ya tsayar da ita ba ninki biyu take yi ba idan gudu ya ninka, ninki huɗu take yi. Da muna kan 80, da taki goma da durom da mutum uku a bayan aksul, da guntun rodi a mahaɗa, da wani labarin ake yi a ƙauyen nan yau.

Kawu ya gangara gefe, muka fito. Ya duba fin, ya girgiza sarƙoƙi, ya ƙara ɗaure igiyar da ta saki. Ya sa bayan hannunsa a cibiyar kowace tayar tirela. Ta hagu ta yi zafi fiye da 'yar'uwarta, alamar boris na neman giris, yaron ya ciro gwangwani aka cusa. A nan ne yake gaya mini cewa in tirela ta fara rawa a baya, kuskuren da direba ke yi shi ne ya danne birki ko ya shiga kokawa da sitiyari. A ɗaga ƙafa daga totur, a riƙe kan mota sak, a bar gudu ya mutu da kansa.

Muka shiga Kebbe bayan azahar, muka yi salla, muka ci tuwon shinkafa a wata rumfa, sannan muka gangara fadama. Gulbin Zamfara, wanda ya biyo ta Gummi ya nufi Jega, shi ya yi wa wannan ƙasa arzikin shinkafa, kuma shi ya shimfiɗa mata rairayin da ke cinye motoci. Kafin mu kai inda za a sauke injin muka tarar da wata a-kori-kura ta nutse har aksul, shaƙe da buhunan shanshera, mutane sun kewaye ta. Da ganin Hilux sai murna, wani saurayi ya taho da gudu da wayar ƙarfe mai ƙugiya a baki.

"Baba, don Allah ka ja baya ka figo ta da ƙarhi, sau guda ta fita!"

Kawu ya ce sai an sauke lodi. Suka ce buhu ashirin da biyu ne, wa zai sauke ya sake lodawa? Ya ce to a sauke rabi, a haƙe rairayin gaban tayoyi, a shimfiɗa kara, a rage iskar taya kaɗan. Muka kai injin muka kwance tirela muka dawo, lokacin sun gama, suna ta ƙunƙuni. Bai karɓi wayarsu ba. Ya ciro igiyarsa mai faɗi, ya ɗaura a ƙugiyar da ke jikin shasi ta ƙasa, ba a bamba ba, ba kuma a mahaɗar tirela ba. Ya jefa buhun da ba komai a tsakiyar igiyar, don in ta tsinke ta faɗi ƙasa maimakon ta yi bulala. Sannan ya kori kowa, ya ce a matsa nesa fiye da tsawon igiyar, har da yaran da suka hau tudu suna kallo. Ya sa ogzilari, tayoyi huɗu suka kama, ya tafi a hankali har igiya ta miƙe, sannan ya ƙara wuta. Motar ta yi kamar ba za ta taso ba, sai ta taso.

A hanyar dawowa ya ba ni dalilin korar mutanen. Yana yaron mota, wata damina, babbar mota ta kafe a taɓo, aka ɗaura waya aka ce wata ta figo ta. Ƙugiyar ta ɓalle. Wani magidanci da ya tsaya kallo kawai, da fartanya a kafaɗa, ita ta same shi a ka, bai kai asibiti ba. Kawu ya ce har yau in ya ga waya ta miƙe yana jin ƙarar. Ba a nan kaɗai ba ne, ko a Ostareliya, inda jan tirela da shiga rairayi ya zama ruwan dare, an sha gargaɗin kada a figi mota da dunƙulen ƙarfen da ake rataya tirela, domin yakan guntule ya tashi kamar harsashi, kuma ya kashe mutane. An ƙera shi ne don ja a hankali, ba don fizga ba.

Haka nan motar da ta mutu a hanya, wadda muke ɗaure wa igiya mu ɗora yaro a sitiyari. In inji ba ya aiki, bayan taku ɗaya ko biyu birki ya zama dutse, sitiyari ya yi tauri, yaron kuwa ba a gaya masa ba. Mota mai canza giya da kanta kuma, in aka ja ta nesa tayoyinta na ƙasa, giyar ce za ta ƙone. Na san abin da za a ce mini: janwe na Sakkwato ko Birnin Kabi, kuɗinsa ya fi ƙarfin mai tsohuwar mota, kuma ba wanda zai bar motarsa ta kwana a daji a wannan zamani. Ban musa ba. Talauci ne ya sa mai walda bai sa birki ba, shi ya sa ake ɗora wa mota ɗaya aikin uku, tun ba yanzu da mai ya yi tsada bayan cire tallafi a 2023 ba, kowa so yake tafiya ɗaya ta biya. Amma fin da sarƙa biyu, da tura kaya gaban aksul, da sauke mutane daga kan tirela, da tafiya a 45, ba su ne za su talauta kowa ba. Kuma da masu walda za su riƙa rubuta nauyin tirela da fenti a jikinta, da direba ya san da me yake kokawa.

Alhaji ya so a cika tirelar da shinkafa a dawo da ita, tunda ta zama fanko. Kawu ya ɗora mata buhu biyar a kan aksul, ya sa shida a bodi, ya ce sauran a nemi kanta. Wannan karon Alhaji bai ja ba. Muka iso Tambuwal rana na faɗuwa, jan ƙyallen ya koma ruwan ƙasa. Kawu ya zare fin ɗin, ya goge shi da tsumma, ya nuna mini inda mahaɗa ta ci shi har ya yi ƙyalli a tafiyar yini ɗaya, sannan ya jefa shi aljihun gaban mota.

Washegari da safe ya rako ni bakin titi in hau motar Sakkwato. Muna tsaye sai ga wata tsohuwar a-kori-kura ta fito daga layin masu walda, tana jan tirela da tankin ruwa na lita dubu, wato tan ɗaya in ya cika. Wannan bai cika ba, ana jin ruwan na dukan gaba da baya. A mahaɗar na hango lanƙwasasshen kan rodi, ko na jiya ne ko ɗan'uwansa. Yara biyu na zaune a kan wuyan tirelar, ƙafafunsu na lilo dab da shi.

Kawu ya ajiye jakata a ƙasa, ya tsallaka titi hannunsa a sama. Direban ya rage gudu, tankin ya tunkuɗo shi gaba kaɗan kafin ya tsaya.

"Ku sabko, ɗiyana," na ji yana cewa. Sannan ya sunkuya ta tagar direban ya yi masa sallama, mutumin ya kashe mota.